El Santo: ɗan kokawar Meziko da ya yi fiye da shekara 40 bai nuna wa duniya fuskarsa ba

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri, a ranar da babu ƙwallo aka kunna resilin, ya san ɗan ƙaramin mutumin nan mai rufaffiyar fuska, Rey Mysterio, wanda ke tashi daga kan igiya kamar an harbo shi da gwafa. Manyanmu da suka kalli talabijin a ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 kuwa, sunan da ya zauna musu a ka shi ne Mil Mascaras. Tambayar da yara kan yi ba ta sauya ba tun daga wancan lokaci: wai me suke ɓoyewa? Tabo ne a fuskar, ko laifi suka yi ake nemansu?

Ba ko ɗaya. Amsar tana ƙasar Meziko, kuma hanya mafi sauƙi ta gane ta ita ce a bi tarihin mutumin da ya mayar da hular rufe fuska abu mai daraja a can. Sunansa na yanka Rodolfo Guzmán Huerta, amma ƙasarsa ta san shi ne da El Santo, wato Waliyyi, ko kuma “Mai Fuskar Azurfa”. Ya yi kusan shekara 50 yana kokawa, ya fito a finafinai fiye da 50, kuma da hular aka binne shi.

Yaron da aka kawo birni

An haifi Rodolfo ranar 23 ga Satumba, 1917, a garin Tulancingo da ke jihar Hidalgo. Shi ne na biyar cikin 'ya'ya bakwai. Yana ƙarami, a shekarun 1920, iyayensa suka tattara suka koma babban birnin ƙasar, suka sauka a yankin Tepito. Unguwa ce ta talakawa da baƙi, cike da 'yan tebur da 'yan gwanjo, gidajen haya a cunkushe, kuma ta yi suna wajen fitar da 'yan dambe. Yaron da ya tashi a Tepito, in bai iya kare kansa ba, to zai sha wuya.

Rodolfo ya fara da wasannin ƙwallo irin na Amurka, ya yi aikin leburanci a wata masana'antar safa, sannan ya bi sahun 'yan'uwansa zuwa kokawa. Ɗaya daga cikinsu, Miguel, ya yi suna da laƙabin Black Guzmán. A tsakiyar shekarun 1930 Rodolfo ya fara hawa dandali a ƙananan gidajen wasa na unguwanni, yana ɗan shekara 16 zuwa 17.

Ya zo a kan gaɓa. A watan Satumba na 1933 ne wani tsohon soja mai suna Salvador Lutteroth, wanda ya ga irin wannan kokawa a garin El Paso na jihar Texas, ya kafa kamfanin shirya wasa mai suna EMLL. Kamfanin yana nan har gobe da sunan CMLL, kuma babu kamfanin resilin a duniya da ya kai shi daɗewa yana aiki. Sana'ar sabuwa ce fil, ƙofa a buɗe take ga duk matashin da ke da jiki da juriya.

Yadda kokawar tasu take

Mutanen Meziko suna kiran wasan lucha libre, wato kokawar da ba a ɗaure ta da ƙa'idoji masu yawa ba. Kada mai karatu ya haɗa ta da kokawarmu ta gargajiya, inda da zarar bayanka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an gama. Wannan 'yar'uwar resilin ɗin Amurka ce: masu shirya wasa sun riga sun tsara wanda zai yi nasara, 'yan wasan kuma suna aiki tare ne don su ƙayatar da 'yan kallo ba tare da sun karya juna ba.

Sai dai tana da nata salon. Maimakon ƙattai masu jifa da juna, 'yan wasan Meziko sun fi dogara da sauri, da tsalle, da dabarun murɗe hannu da ƙafa. An raba su aji-aji bisa nauyi kamar yadda ake yi a damben zamani. Manyan wasanni kan zama zagaye uku, wanda ya ci biyu shi ya yi nasara. Akwai ma hukumar gwamnati ta dambe da kokawa da ke ba 'yan wasa lasisi, tana kuma hukunta wanda ya saɓa.

Abu mafi muhimmanci shi ne rabuwar 'yan wasa gida biyu. Akwai técnicos, mutanen kirki masu bin doka da nuna gwaninta. Akwai rudos, 'yan ta-kife, masu tsokale ido, da duka ƙasan cibiya, da haɗa baki da alƙalin wasa. Ɗan kallo ya biya kuɗinsa ne don ya zagi rudo son ransa, ya kuma yi ihu idan aka rama masa.

Ita kuwa hular rufe fuska, abin mamaki, ba ɗan ƙasa ne ya fara saka ta ba. A 1934 wani Ba'amurke da ake kira Cyclone Mackey ya fito da ita a birnin, wani baduku mai ɗinka takalma, Antonio Martínez, shi ya ɗinka masa. Hula ce da ke rufe kai gaba ɗaya, da ramukan ido da hanci da baki, ana ɗaure ta da igiya ta ƙeya kamar takalmin ƙwallo. Jama'a suka so abin, 'yan wasa suka yi ta kwaikwaya.

Suna linzami

Shekarun farko na Rodolfo ba su yi armashi ba. Ya yi wasa da sunan Rudy Guzmán, ba a kula shi ba. Ya rufe fuska ya zama Jan Mutum, ya koma Baƙin Aljani, duk dai shiru. Sai ya ari sunan wani shahararren ɗan wasa, Jesús Velázquez, wanda ake kira Jemage, ya sa wa kansa Jemage na Biyu. Mai suna ya kai ƙara hukumar kokawa, hukuma ta ce Rodolfo ya ajiye sunan mutane. Ya koma ba suna, ba kasuwa. Darasin da ya ɗauka daga nan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: a wannan sana'a suna dukiya ce, kuma wanda ya ari riga ana iya tuɓe masa ita a tsakiyar kasuwa.

A 1942 wani mai shirya wasa, Jesús Lomelí, yana haɗa tawagar 'yan kokawa masu shigar ruwan azurfa. Ya miƙa wa Rodolfo sunaye uku ya zaɓa, ciki har da Shaiɗan. Ya zaɓi Waliyyi. A shekarar ya fara fitowa a tsohon filin Arena México da wannan suna, yana ɗan shekara 24.

Ga inda abin dariyar yake: Waliyyin nan mugu ne. A ɓangaren rudos ya fito, kuma a nan ya zauna kusan shekara 20. Mutum ne zai durƙusa a kusurwar dandali ya yi addu'a irin ta Kiristoci, ya tashi ya shiga yi wa abokin karawarsa rashin imani. A ƙasar da mafi yawan jama'arta 'yan Katolika ne, wannan haɗi ya sa mutane jin haushi, jin haushin kuma shi ke sayar da tikiti.

Nasara ba ta jima ba. A 1943 ya ci kambun ƙasa har biyu, ɗaya daga ciki a hannun Velázquez ɗin da ya raba shi da suna. A 1946 ya doke Pete Pancoff ya ɗauki kambun duniya na ajin nauyinsa. Ya kuma ƙulla ƙawance da Gory Guerrero, mahaifin marigayi Eddie Guerrero da masu kallon WWE suka sani, suka zama tagwayen da ake tsoro a duk ƙasar. Daga wajen Gory ne ya samu riƙon da yake gama wasa da shi, wanda ake kira “hawan doki”: a kifar da mutum, a zauna masa a gadon baya, a ja haɓarsa sama har sai ya ce ya tuba.

Ranar da ake jinginar da fuska

Babu wanda zai gane darajar El Santo sai ya fahimci abin da suke kira lucha de apuestas, wato kokawar caca. Ba kuɗi ake zubawa ba. Idan gaba ta yi tsanani tsakanin mutum biyu, sai kowa ya ajiye abin da ya fi so: mai hula ya sa hularsa, wanda ba ya rufe fuska ya sa gashin kansa. Wanda aka kayar, in gashi ya sa, a take za a yi masa ƙwal-kwabo a gaban jama'a. In kuwa hula ce, zai kwance ta da hannunsa, a faɗi sunansa na yanka, da garinsu, da shekarun da ya yi yana wasa. Daga ranar ba zai sake saka wannan hula ba, hukuma ce ke tabbatar da haka.

Mu da ke zaune a ƙasar Yarbawa da ta Ibo mun san yadda masu gari ke ɗaukar wanda ya yaye fuskar dodonsu na al'ada, ba ƙaramin tashin hankali ba ne. To a Meziko ba addini ba ne, amma nauyin abin a zuciyar mai kallo ya yi kusa da haka. Ko a wasa na yau da kullum, wanda ya fizge hular abokin karawarsa da gangan an kore shi, ya faɗi wasan kenan.

Kuma duk da cewa an tsara sakamakon tun kafin a hau, asarar ta gaske ce. Ɗan wasan da ya rasa hula kan karɓi kuɗi mai tsoka a daren, amma ya sayar da jarinsa. Wasu sukan farfaɗo da fuskarsu ta asali, wasu kuwa kasuwarsu ta mutu daga nan, don jama'a sun ga ashe wani talaka ne mai sanƙo kamar maƙwabcinsu.

Ranar 7 ga Nuwamba, 1952, a filin Arena Coliseo, El Santo ya kara da Black Shadow, hula da hula. Filin ya cika ya batse, mutane da yawa suka rasa wurin shiga. El Santo ya yi nasara, Black Shadow ya buɗe fuska, aka ji sunansa Alejandro Cruz. Har yau ana lissafa wannan dare cikin mafi girma a tarihin wasan, kuma cunkoson da aka gani na daga cikin abin da ya ƙarfafa wa Lutteroth gwiwar gina sabon Arena México, wanda aka buɗe a 1956, mai cin mutum fiye da dubu 16.

Black Shadow yana da abokin tafiya, Blue Demon, wanda ya sha alwashin ramuwa. A 1953 ya doke El Santo ya ƙwace masa kambun duniya. Gabar mutanen biyu ta zama abin da ake gada, uba ya gaya wa ɗa: ko kana bayan mai azurfa, ko kana bayan mai shuɗi. Amma hula dai ba a taɓa raba El Santo da ita ba. Ya jinginar da ita fiye da sau 30. Ya tuɓe wa Espanto na Ɗaya tasa a 1963, ya sa aka aske Perro Aguayo a 1975, lokacin shi El Santo ya haura shekara 58.

Daga dandali zuwa takarda da majigi

Da kokawa kaɗai ya tsaya, da El Santo ya zama ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa, a tuna da shi a manta. Abin da ya ɗaga shi sama da sa'o'insa ya faro ne a 1952, lokacin da wani mawallafi, José G. Cruz, ya fara buga mujallar labari mai hotuna da sunansa. Ana ɗaukar hoton El Santo na gaske, a manna shi a kan zane, a rubuta magana a gefe. A cikin mujallar ba mugu ba ne, jarumi ne mai ceton marasa gata daga 'yan fashi da matsafa. Mujallar ta yi shekara 35 tana fita, kuma ko wanda karatunsa bai yi nisa ba yana iya bin labarin ta hotuna.

A shekarar ce kuma aka yi masa tayin fim mai suna “Mai Fuskar Azurfa”, ya ƙi, don bai ga alamar riba ba. Aka ba wani ɗan kokawa. Sai a 1958 abokinsa Fernando Osés ya shawo kansa suka tafi Kuba suka ɗauki finafinai biyu da ɗan kuɗi kaɗan, suka gama dab da shigar Fidel Castro birnin Havana. Kasuwa ta buɗe sosai a 1961 da fim ɗin da ya yaƙi gawawwaki masu tafiya, sai na 1962 inda ya kara da mata mayu masu shan jini, wanda aka fassara aka kai ƙasashen waje.

Akwai dalilin da ya sa silima ta yi masa rana haka. A tsakiyar shekarun 1950 hukumomin babban birnin sun hana nuna kokawa a talabijin, da hujjar cewa yara na kwaikwayo suna ji wa juna ciwo, kuma wasan bai dawo akwatin ba sai farkon shekarun 1990. Wanda yake son ganin El Santo, ko dai ya je filin wasa, ko ya sayi mujalla, ko ya shiga silima. Shi ya sa kusan kowane fim nasa sai an tsayar da labari an nuna kokawa cikakkiya.

Finafinan ba na tsada ba ne. Za ka ga jemagen roba yana lilo a jikin zare, ka ga dodon da kayansa ba su kai na tashe ba. Muryar da ake ji ma yawanci ba tasa ba ce, wani ake sa wa ya yi magana a madadinsa. Amma tsarin labarin ɗaya ne, kuma shi mutane ke so: 'yan sanda sun rasa yadda za su yi, sai a kira El Santo. Zai zo da buɗaɗɗiyar motarsa, da kwat ko rigar sanyi, da hularsa, ya gama da azzalumi, ya juya ya tafi ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Wanda ya fi kawo kuɗi a cikinsu shi ne na busassun gawawwakin Guanajuato, a farkon shekarun 1970, inda ya fito tare da Blue Demon da Mil Mascaras. Sunansa ya kai har Turkiyya, inda a 1973 aka yi fim da wani ɗan wasan ƙasar sanye da hular azurfa, ba tare da an nemi izininsa ba.

Da yara suka riga suka ɗauke shi gwarzo a takarda da majigi, zaman mugu a dandali ya gagara. A farkon shekarun 1960 ya koma ɓangaren técnicos, bai kuma sake komawa baya ba.

Me talaka ya gani a jikinsa?

A 1940 mutanen babban birnin Meziko ba su kai miliyan 2 ba. Zuwa 1970 birnin da kewayensa sun haura miliyan 8. Mafi yawan ƙarin nan mutanen karkara ne da suka baro gona suka zo neman abinci: 'yan dako, magina, masu aikin gida, masu talla. Suna zaune a ɗakunan haya, mai gida na yi musu barazana, ɗan sanda na karɓar na goro, ɗan birni na yi musu kallon ƙauyawa. Su ne suka cika Arena Coliseo, su ne suka cika silimun unguwa.

A dandali suna ganin rayuwarsu ne a taƙaice. Mugu yana maguɗi a fili, alƙalin wasa ya kau da kai, duk ihun da za ka yi ba ya ji. Bambancin kawai, a nan akwai ranar sakayya, kuma ba ta wuce daren Juma'a. El Santo shi ne mai kawo ta. Ga shi kuma ba shi da fuska, balle a ce ɗan wane ne, ko ɗan jiha kaza, ko fari ne ko baƙi. Ba dogo ba ne, ba shi da jikin 'yan ɗaga ƙarfe, ƙirarsa irin ta kowane magidanci ce. Kowa na iya ɗauka cewa mutumin da suka haɗu a motar haya da safe shi ne. Shi kansa baƙo ne da aka kawo birni yana yaro, ya san mutanen da yake yi wa wasa.

Wannan ma'ana ta fita daga filin wasa bayan rasuwarsa. Girgizar ƙasa ta 19 ga Satumba, 1985 ta rushe gidaje masu yawa a birnin, ta bar dubban 'yan haya a titi. A 1987 sai ga wani mutum da jar hula da ruwan ɗorawa irin ta 'yan kokawa, yana kiran kansa Superbarrio, yana tsayawa a ƙofar gidajen da aka zo fitar da 'yan haya, yana jagorantar zanga-zanga zuwa ofisoshin gwamnati. Bai taɓa dukan kowa ba. Shigar kaɗai ta isa ta jawo 'yan jarida, ta sa jami'i ya yi tunani sau biyu. Mutanen birnin sun riga sun san abin da rufaffiyar fuska ke nufi, El Santo ya koya musu.

Tsare sirri aiki ne

Riƙe wannan matsayi ya ci masa rayuwa irin ta kowa. Ba ya fita bainar jama'a a matsayin El Santo sai da hula, ko taron cin abinci ne, ko ganawa da manya. Yana da wata ta musamman mai buɗaɗɗiyar haɓa don cin abinci. Abokan aikinsa sun sha ba da labarin cewa idan za a yi tafiya ƙasar waje ba ya shiga jirgi ɗaya da su, don kada su ga fuskarsa a wurin duba fasfo. A fim ɗin da labari ya buƙaci ya buɗe fuska, sai a juya wa kyamara baya ko a kawo wani ya tsaya a madadinsa.

Ribar ita ce, da ya tuɓe hular ya zama Rodolfo, magidanci mai 'ya'ya goma, ya shiga kasuwa ba wanda zai waiwaye shi. Mutumin da ya fi kowa suna a ƙasar shi ne kuma wanda ba a sani ba.

Wasan ƙarshe da kwana goma

A farkon shekarun 1980 ciwon zuciya ya fara taɓa shi. Ya yi wasannin bankwana, na ƙarshe ranar 12 ga Satumba, 1982 a filin El Toreo, saura kwana 11 ya cika shekara 65. Tsohon abokinsa Gory Guerrero na gefensa, Perro Aguayo na cikin abokan karawa.

Ranar 26 ga Janairu, 1984, yana baƙo a wani shirin talabijin mai suna Contrapunto, ana cikin hira, ba tare da ya gaya wa kowa ba sai ya kama hular ya ɗaga ta sama, fuskar wani dattijo ta bayyana na ɗan lokaci, ya mayar. Kwana goma bayan haka, ranar 5 ga Fabrairu, zuciyarsa ta buga bayan ya fito a wani wasan dandamali a gidan wasa na Blanquita. Ya rasu yana da shekara 66. Dubban mutane suka raka gawarsa, Blue Demon da Mil Mascaras suka zo da hulunansu, aka sa shi a makwancinsa da tasa, kamar yadda ya bar wasiyya. Mutanen ƙasar da yawa sun ɗauki abin da ya yi a talabijin a matsayin sallama.

Wa ke da suna bayan mai shi?

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1982 autansa ya fara wasa da sunan El Hijo del Santo, wato Ɗan Waliyyi, da hula iri ɗaya, kuma masana wasan da dama na ganin ya fi uban iya kokawa tsantsa. A 2016 jika ma ya shigo da sunan Santo Jr.

Sai dai gadon ya zo da shari'a. Tun El Santo na raye, a shekarun 1970, sun saɓa da José G. Cruz har gaban kotu, Cruz ya ci gaba da buga mujallar da wani mutum daban a cikin hular. Ɗansa ya yi rajistar sunan da siffar hular, ya kuma sha shiga kotu don kare su, har da wani ɗan ɗan'uwansa da ya so yin wasa da sunan Jikan Waliyyi.

Wanda ke ganin wannan rowa ce, ya dubi abin da ya samu Adolfo Tapia. Shi ya yi suna da La Parka, mai shigar ƙwarangwal, a kamfanin AAA da aka kafa a 1992. Da ya tafi Amurka wasa, kamfanin ya ɗauki kayan ya sa wa wani, don a takarda sunan na kamfani ne. Ƙarshenta mutumin da ya sha faɗuwa ya gina sunan shi ya koma kiran kansa L.A. Park. Rufaffiyar fuska tana da wannan haɗari: idan ba kai ke da ita a rubuce ba, ana iya cire ka a zuba wani, 'yan kallo su ci gaba da tafi. Shi ma Rey Mysterio, haifaffen Kalifoniya da ya koyi sana'ar a hannun kawunsa a Tijuana, kamfanin WCW ya sa ya tuɓe tasa a 1999 ba da son ransa ba, sai da ya koma WWE a 2002 ya mayar da ita.

Ga iyaye kuma, akwai abin da ya kamata a gaya wa yaran da ke tsalle daga kan benci suna cewa su ne Rey. Sakamakon wasan shiri ne, amma faɗuwar ba shiri ba ce. A watan Maris na 2015 ɗan Perro Aguayo ya rasu sakamakon raunin wuya da ya samu a dandali a Tijuana, a wasan da Rey Mysterio ke ciki. A 2019 Silver King ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Landan, bai tashi ba. Waɗannan mutane ne da suka shekara da shekaru suna koyon yadda ake faɗuwa.

A 2018 gwamnatin babban birnin Meziko, wadda ta taɓa korar wasan daga talabijin, ta ayyana lucha libre a matsayin al'adar gado ta birnin. A shekarar ce WWE ta sa sunan El Santo cikin jerin gwarazanta na tarihi. A Tulancingo akwai mutum-mutuminsa da gidan tarihi mai sunansa. Har yanzu duk daren Juma'a ana wasa a Arena México, kuma a bakin ƙofa 'yan tebur na baje huluna kala-kala na sababbin taurari. A cikinsu ba a rasa ta azurfa, mai ramukan ido kamar ɗigon hawaye, kuma yaran da iyayensu ma ba su taɓa ganin mai ita a raye ba suna miƙa kuɗi suna saye.